SILIMAN SARARIN SAMANIYA: WANE ZA A NUNA MA YARO, WANE ZA A ƁOYE MASA?

Duk wanda ya kwana Filinge, ko Bonkuku, ko Tukunus, ko wani gari na Dallol Boso cikin shekarun nan, ya san hirar dare ta sake kama. Da can, in an ci tuwo an yi sallar lisha, yara sai dandali ko gindin kaka, a yi ta tatsuniya har barci ya kwashe su. Yau kuwa farantin sola ɗaya bisa rufin ɗaki ya isa ya cika salula da wuta, kuma a kasuwa akwai samari masu tura silima cikin katin salula, su cika ma mutum shi da abin da ba zai iya kallo ba ko cikin wata guda. Mai gida ya kawo katin, ya miƙa ma yaro salula don ya yi shiru, shi kuwa ya fita wajen hira.

Cikin abin da ake turawa, akwai siliman sararin samaniya, watau masu nuna kumbo da ƴan sama jannati da wata da taurari. Yara suna son su ƙwarai, kuma da gaskiyarsu. Amma fa, ƴan uwa masu karatu, suna ɗaya ne ya haɗa su, hali ya raba su. Akwai wanda zai sa yaro ya tashi da tambayoyi masu amfani, akwai wanda zai hana shi barci mako guda. Mai turawa bai rarrabe su ba, domin shi ciniki ya fito. Rarrabewa aikin uwa da uba ne.

Kada a ɗauka zancen sama zancen Turawa ne su kaɗai. Tsofaffinmu ba su manta da shekara ta 1969 ba, lokacin da kumbo Afolo 11 ya kai mutane ga wata, Neil Armstrong ya taka shi ranar 20 ga Yuli. A shekarar ce wani ciwon ido mai saurin yaɗuwa ya ɓullo a Gana, ya bazu cikin Afirka ta Yamma, jama'a suka laƙaba masa suna afolo, har wa yau kuwa haka muke kiransa. Tun kafin wannan, Amurkawa sun kafa tasha a Kano don bin sawun kumbonsu na farko, kuma tashar ta yi aiki ranar da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, 20 ga Fabrairu 1962. A watan Agusta 1963, shugaba Kennedy ya yi magana ta tarho da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta hanyar tauraron ɗan adam, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi haka. A Yamai ma, cibiyar Agrhymet da aka kafa a 1974 tana amfani da hotunan taurarin ɗan adam wajen bin diddigin ruwan sama da makiyaya da amfanin gona. Manomin gero na Kurfai yana cin moriyar sama ko bai sani ba.

Lamba kafin hoto

Abu na farko shi ne shekarun yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri da yaron shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban talbijin ko salula, wanda ke tsakanin shekara 2 da 4 kuwa kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini, in ya kasa haka ya fi. Saboda haka silima mai awa biyu, komin kyansa, ba na ɗan shekara huɗu ba ne. Ko a raba masa shi kashi uku cikin kwana uku, ko a nemo gajere.

Abu na biyu, a nan wanda ya yi yaƙi da jahilci zai ga ranar karatunsa. Tashoshin Faransa da ake kamawa da kwando suna sa wata ƴar lamba a kusurwar hoto: -10, -12, -16, -18. Ma'anarta, wanda bai kai waɗannan shekaru ba kada ya kalla. Amurkawa su da haruffa suke aiki: G na kowa da kowa ne, PG, a kalla tare da iyaye, PG-13 ba na ƙananan yara ba ne, R kuwa na manya. Sai dai abin da aka tura cikin kati galibi ya zo tsirara, ba lamba ba harafi, wani lokaci ko sunansa ba daidai ba. To, dabara ɗaya ta rage, kuma ita ce ta fi duka: uba ko uwa su riga yaro kallo. Ba lalle sai an ga duka ba. A duba farko, a tsallaka tsakiya, a ga ƙarshe, minti goma sun isa a gane irin miyar da aka dafa.

Ga misali. Wani silima mai suna Alien, na 1979, yana farawa lami lafiya: kumbo yana tafiya, ma'aikata sun farka daga barci suna cin abinci. Wanda ya duba farkonsa kaɗai zai ce ba komi. Can a tsakiya wata muguwar halitta za ta fasa ƙirjin mutum ta fito, jini ko'ina, sa'an nan ta bi sauran tana hallaka su ɗai-ɗai cikin duhu. Babba ma sai ya kau da kai. Haka Gravity na 2013, inda mace take wulwulawa ita kaɗai cikin sarari iskar shaƙarta tana ƙarewa. Haka Interstellar na 2014, mai kusan awa uku, inda uba ya tafi ya bar ƴarsa tana kuka bai komo ba sai ta tsufa. Waɗannan biyu na ƙarshe aikin gwanaye ne, amma ba abincin yaro ba ne.

Akwai dalilin da ya sa wanga zance ya fi nauyi gare mu bisa ga mutanen da suka yi siliman. Yaron Turai in ya ji tsoro, ɗaki gare shi mai rufi da fitila, sai ya ja bargo. Yaron Kurfai kuwa, daga bazara har faɗuwar ruwa, tsakar gida yake kwana bisa tabarma, idonsa ga sama. In aka sa masa tsoron abin da ke saukowa daga sama, ina zai ɓuya? Ɗan shekara biyar bai iya raba abin da aka shirya da abin da ya auku ba. Tsoron kura da dodo na tatsuniya yana da magani, domin kaka ce ke ba da labarin, tana ganin fuskar jikanta, in ta ga ya firgita sai ta sassauta. Salula ba ta sassautawa.

Waɗanda ba su bukatar tafinta

Wata matsala ita ce harshe. Yaron da bai shiga lakkol ba Hausa yake ji, ko Zabarmanci, ko Buzanci, ko Fillanci, silima kuwa Faransanci ko Ingilishi yake yi. In bai ji abin da ake faɗi ba, ba abin da ya rage masa sai harbi da fashewa, shi ya sa da yawa suke girma da son na faɗa kaɗai. Abin farin ciki, mafi dacewa da ƙananan yara cikin siliman sama su ne waɗanda ba su da magana, ko maganarsu kaɗan ce.

A ganina, La Luna ya kamata a fara da shi. Zane ne mai motsi na kamfanin Pixar, na 2011, tsawonsa minti 7 kacal. Wani yaro ne ya bi ubansa da kakansa cikin kwalekwale da dare, karo na farko da aka tafi da shi wajen aiki. Suka kafa tsani suka hau wata, ashe sana'arsu sharar ƙananan taurarin da suka zuba bisansa. Uba yana cewa a riƙe tsintsiya haka, kaka yana cewa a'a haka, yaro kuwa ya samo tasa hanya. Da suka gama shara suka sauko, sai ga wata ya koma jinjiri. Babu kalma ɗaya da ake ganewa a ciki, gunaguni ne kawai, amma duk yaron da aka taɓa kai shi gona tsakanin uba da kaka zai gane gidansu.

Bayan shi sai Wallace da karensa Gromit, a labarinsu na farko na 1989, wanda Faransawa ke kira Une grande excursion. Da laka aka gina mutanen, ana gusa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto, tsawonsa bai kai rabin awa ba. Cuku ne ya ƙare ma mai gida, shi kuwa ya ji an ce wata da cuku aka yi shi, sai ya ƙera kumbo a cikin gidansa ya tafi ɗebowa. Yaran da suka san cukun Buzaye a kasuwa ba sai an fassara musu wanga kwaɗayi ba. Gidan da ya yi shi ya fitar da wani a 2019, Shaun le mouton: La ferme contre-attaque, labarin wani tunkiya mai wayo da ya tsinci ƴar baƙuwa daga wata duniya, ta ɓata, ya yi ta fama har ya mai da ta ga iyayenta. Kusan awa ɗaya da rabi ne, ba magana ko ɗaya. A ƙasar kiwo irin tamu, garken tumaki da ya fi makiyayinsa dabara abin dariya ne da zai haɗa yaro da tsoho.

Akwai kuma kakan siliman sama duka, Le Voyage dans la Lune, na Bafaranshe Georges Méliès, wanda aka yi tun 1902, kafin silima ya koyi magana. Wajen rubu'in awa ne. Masana ne aka cusa cikin wani ƙaton harsashi aka harba da igwa, ya je ya soki wata a ido. Mutanen wata da ke ciki ba su da ban tsoro, da an buge su da laima sai su zama hayaƙi.

WALL-E, na 2008, ya fi su tsawo da zurfi, ya dace da ɗan shekara shida zuwa sama. Mutane sun cika duniya da shara har ba ta zaunuwa, suka gudu cikin wani babban kumbo, suka bar wani ƙaramin inji yana tattara juji shekara 700. Wata rana ya tsinci ɗan tsiro kore, ya dasa shi cikin tsohon takalmi, kuma wanga tsiro ne ya zama dalilin komowar mutane gida. Kashin farko kusan babu magana. Uban da ya kalle shi tare da ɗansa ba zai rasa abin faɗi ba, ga baƙar leda ta rataye ga ƙayoyin bakin gari, ga bikin dashen itatuwa na ranar 3 ga Agusta. Har akwai ɗan zambo a ciki da ya shafe mu manya: mutanen kumbon sun yi ƙiba sun kasa tafiya, kowa idonsa ga ɗan allon gabansa, bai san wa ke kusa da shi ba.

Na tsakiya su ne masu wuyar hukunci. E.T. na Steven Spielberg, 1982, an san shi da siliman yara, kuma labarin amana ne tsakanin yaro da baƙon da aka manta a duniya. Amma ana farautar baƙon cikin duhu, ya yi ciwo har ya zama kamar gawa, mutane masu rufaffen fuska suka mamaye gidan. Sai yaro ya kai takwas, kuma babba na kusa. Koi... Mil Gaya na Indiya, 2003, wanda masu son siliman Indiya suka sani saboda baƙonsa Jadu, kusan awa uku ne, kuma akwai wuraren da ake dukan saurayi mai raunin hankali ana yi masa dariya. La Guerre des étoiles na 1977, wanda aka ɗauki hamadarsa a Tunisiya, yaƙi ne tun daga sunansa. Ba zai koya ma yaro komi ba game da sama, tatsuniyar jarumai ce aka sa ma rigar ƙarfe. Ba laifi ba ne ga ɗan shekara tara ko goma, muddin an gaya masa haka.

Gaskiya da tatsuniya

Wajibi ne yaro ya san wane labari ne aka ƙaga, wane ne ya auku. Ba ya raina gizo don ya san gizo ba ya magana, haka ba zai raina tunkiyar Shaun ba. Amma ranar da ya tambaya ko da gaske mutum ya je wata, a ba shi amsa madaidaiciya: ya je. Mutum 12 suka taka shi tsakanin 1969 da 1972, suka kawo duwatsu da ƙasa kilo 382. Har yanzu a majalisun gari akwai dattawa masu musun haka, kuma ba a jayayya da dattijo gaban yara. Sai dai wani kumbo da aka aika kewaya wata a 2009 ya ɗauko hotunan wuraren da suka sauka, ana ganin kayan da suka bari da hanyoyin da ƙafafunsu suka yi. Sin ma ta aika injinta ya ɗebo ƙasar wata a 2020, Indiya ta saukar da nata a 2023.

Ga ɗiyan da suka kai aji biyar ko shida na firamare, akwai siliman gaskiya. Apollo 11 na 2019 an haɗa shi da ainihin hotunan da aka ɗauka a 1969, ba ɗan wasa a ciki. Apollo 13 na 1995 ƴan wasa ne, amma abin ya auku a Afrilu 1970: tukunyar iskar shaƙa ta fashe a hanya, mutum uku suka komo da rai da ƙyar. Wurin da ya fi daɗi shi ne inda matatar iska mai kusurwa huɗu ta ƙi shiga rami mai da'ira, aka haɗa su da leda da kwali da salatif. Kowane makanike na tashar Filinge zai ga ɗan uwansa a nan. Les Figures de l'ombre na 2016 kuwa, iyayen ƴan mata ya kamata su nema. Labarin baƙaƙen mata ne masu lissafi a hukumar sararin samaniya ta Amurka zamanin wariyar launin fata, cikinsu da Katherine Johnson, wadda John Glenn ya nemi ta tabbatar da lissafin inji kafin ya tashi. Ta rasu a 2020 tana da shekara 101. A gidan da ake shawarar fitar da yarinya daga lakkol, awa biyun nan ba asara ba ne. In yaro ya ce ina namu, a gaya masa labarin Cheick Modibo Diarra, mutumin Mali, wanda ya yi aiki cikin ayarin kumbo Pathfinder da ya sauka duniyar Mars a 1997.

Tambayoyi za su biyo baya, kuma uba ba sai ya yi jami'a ba kafin ya amsa. Nisan wata kilomita 384.000 ne, Filinge zuwa Yamai kuwa wajen 180. Motar da ke cin kilomita 60 a awa, in ba ta tsaya ba dare da rana, sai ta yi kusan wata tara a hanya. Nauyin abu a can kashi ɗaya cikin shida ne na nauyinsa a nan, watau buhun gero mai kilo 60 zai zama kamar mai kilo 10, shi ya sa ƴan sama jannati suke tafiya suna tsalle. Babu iska, saboda haka babu ƙara. Duk rugugin da ake ji a siliman yaƙin taurari ƙari ne na masu shiryawa. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maidowa, kuma husufinsa inuwar duniya ce ta faɗa bisansa.

Ga ma'aikata da shugabannin lakkol akwai abin tunawa. Ƙasarmu ta fara talbijin na makaranta tun 1964, kafin Tele Sahel ta buɗe a 1979, kuma an kai ma ƙauyuka akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya yi zane mai motsi na kwaɗi mai suna Bon voyage Sim a 1966, ya yi ta yawo da majigi gari-gari. Kallon taro ba baƙon abu ba ne gare mu, kuma ya fi kallon kaɗaici nesa ba kusa ba. Mushe ɗaya da ya zaɓi silima biyar ko shida masu kyau ya ba masu turawa na kasuwa, a sa su wuri guda da sunan na yara, ya yi ma gari aiki babba ba tare da kashe ko dala ba. Masu fassara siliman Indiya da Hausa kuma, da za su juya ga Apollo 13, ba za su rasa masu saye ba.

In silima ya ƙare, a kashe salula a ɗaga kai. Mutanen manyan birane sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ga abin da ɗan Kurfai yake gani daga tabarmarsa. A nuna masa Zara matar wata da magariba, da Gamzaki da asuba, a gaya masa masana sun gano abu guda ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. Da sanyin hunturu a nuna masa Kaza da ƴaƴanta, ya ƙirga ya ga ko nawa idonsa zai kama. A gaya masa duwatsun sama suna faɗowa ƙasar Hausa ma: a watan Oktoba 1962 wani mai kilo 18 ya faɗi kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga Mars ya fito. Wani kuma mai kusan kilo 25, mafi girma da aka sani daga Mars, an tsince shi a jihar Agadas a 2023, aka sayar da shi a gwanjo a New York a Yuli 2025 kan fiye da dalar Amurka miliyan 5, har hukumomin ƙasarmu suka buɗe bincike kan yadda ya fita.

Wani dare kuma, jim kaɗan bayan magariba ko kafin asuba, za a ga wani haske fari yana ratsa sama a natse, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, ba ya ƙara. In ya fi taurari haske, mai yiwuwa tashar ƙasa da ƙasa ce ta sararin samaniya, wadda mutane ke zaune cikinta tun shekara ta 2000. Tsayinta daga ƙasa wajen kilomita 400 ne, kusan nisan Yamai da Birnin Ƙonni, kuma tana kewaya duniya cikin awa ɗaya da rabi, sau 16 a kwana guda. Minti huɗu ko biyar take yi a ido kafin ta shiga inuwar duniya ta ɓace, saboda haka a yi maza a kira yaran.